Kwas ɗaya ya tare mini hanya a aji uku, ina mafita?

Assalamu alaikum, musamman yayyenmu da suka gama digirin lissafi.

Ina aji uku, amma Riyal Analisis na aji biyu yana kaina har yanzu. Shi ne sharaɗin ɗaukar Topoloji, don haka shafin rajista ya ƙi buɗe mini Topolojin sam. Ko ba da shi ba, in na haɗa wanda zan maimaita da kwasa-kwasan dole, yunit ɗina ya kai 26, alhali ba a wuce 24 a zango. Malamin da ke kula da ajinmu ya ce in ajiye ɗaya, bai ce wanne ba. Aljabra na so ajiyewa, to shi ma yana da ci gaba a aji huɗu, ga furojet yana jira.

Shi Riyal Analisis ɗin kuwa, nemo limit, wato ƙimar da lissafi ke kusantowa, ba ya ba ni wuya. Hujjar epsilon da delta, wadda ake tabbatar da limit ɗin da ita, ce ke kayar da ni. Ma'anar tana kaina tsaf, amma a ce in zaɓo delta ga x² kusa da 3, sai biro ya tsaya cak.

Don Allah wanne ya fi dacewa in ajiye don kada in ƙara shekara? Kuma ta ina ake fara neman deltar nan?