Musayar Waƙa Kan Sufeto Morse da Sajan Lewis

Dattijon Zaure:

Assalamu alaikum. Na karanta littattafai 13 da Colin Dexter ya rubuta a kan Sufeto Morse, ɗan sandan Ingila mai binciken kisan kai, tun daga na farko na 1975 har zuwa na ƙarshe na 1999, sannan na zauna na kalli wasan da tashar ITV ta Birtaniya ta fara nunawa a watan Janairun 1987. Akwai sauyin da har yau zuciyata ba ta amince da shi ba, don haka ga ƙorafina, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

A birnin Oxford, gidan ilimi da malamai,
Nan Dexter ya ɗora wa Morse aikin tonawa.
Ya haɗa shi da Lewis, dattijo mai haƙuri,
Mutumin Wales, da ya ga jiya da yau a rayuwa.
Da aka zo talabijin sai aka ɗauko matashi,
Ɗan Newcastle, aka ce shi za a nuna wa kowa.
Har motar Lancia da littafi ya ba Morse,
Jar Jaguar ta ture ta ba tare da waiwayawa.
Wanda duk ya karɓi amanar littafin wani,
Mene ne hujjarsa ta yi masa wannan sauyawa?

Uwar Marayu:

Wa alaikumus salam, Malam. Da girman kujerarka, amma a wannan karon ina ganin masu shirya wasan sun hango wani gurbi a rayuwar Morse wanda saurayi kaɗai zai iya cikewa.

Malam, dubi Morse da John Thaw ya fito mana,
Tuzuru ne, ba mata, ba ɗa mai kulawa.
Waƙoƙin Wagner da wasan cike gurbin kalmomi
Su ne abokan hirarsa in rana ta yi faɗuwa.
Mai farautar masu kisa ne, amma in ya ga gawa
Sai ya kau da kai, jini ba ya son dubawa.
Kevin Whately ya zo a Lewis mai iyali,
Mai sauƙin kai, ba ya gajiya da tambayawa.
Morse ya gyara masa nahawu, ya yi masa tsawa,
Kamar uba da ɗa, faɗa a baki, a zuci shaƙuwa.
Da tsoho aka ba shi, da tsofaffi biyu ne kawai,
Wa zai gaji wani, wa zai yi koyo da ɗorawa?

Ɗan Autan Mawaƙa:

Baba da Inna, ku yi mini izini in sa baki, domin akwai shaidar da ba a kira ba, wato marubucin da kansa, wanda ya rayu har zuwa 2017 yana ganin duk abin da aka yi da littattafansa.

Baba, mai kaya bai yi kukan an yi masa ɓarna ba,
Kusan kowane kashi Dexter na ciki yana giftawa.
Jaguar ɗin ma da kake ganin baƙuwa ce,
Daga baya a littafi ya yi mata wurin tsayawa.
Ga kiɗan buɗe wasa na Barrington Pheloung,
Da harufan wayar tangaraho sunan Morse yake bugawa.
Wannan kunne ne kaɗai ke iya kama shi,
Takarda ba ta da bakin da za ta yi rerawa.

Dattijon Zaure:

Ɗana, na karɓi maganar motar, domin gaskiya ce. Sai dai a tuna cewa kashi 33 aka nuna tsakanin 1987 da 2000, alhali littattafan 13 ne, ke nan mafi yawan labaran wasu marubuta ne suka ƙaga su, kuma a wurina daɗin labarin bincike yana ga mai karatu da ke iya komawa baya ya auna hujja da kansa.

Dexter kan ɓoye alama a cikin kalma guda,
Ka koma shafin baya ka same ta tana ɓuya a inuwa.
Morse kan kama zare, ya bi shi, ya tarar kuskure ne,
Littafi kan ba ka lokacin yin naka tantancewa.
Hoto kuwa gudu yake, ko da awa biyu ne,
Kafin ka auna shaida an kai ga kamawa.

Uwar Marayu:

Wannan kam na sallama maka, Malam, littafi ya fi ba da sararin tunani. Amma batun Lewis ban janye ba, kuma hujjata tana cikin kashin ƙarshe na shekarar 2000, wanda na kasa kallonsa ba tare da hawaye ba, musamman da yake John Thaw kansa ya rasu a Fabrairun 2002.

Giya da rashin jin shawarar likita sun ci ƙarfinsa,
Zuciya ta buga, a farfajiyar kwaleji ya yi faɗuwa.
Lewis na can bakin aiki, yana bin sawun shari'ar,
Bai samu zama a gefen gado ba ranar rabuwa.
Mutumin da bai saba yabo ba tsawon shekaru,
Saƙonsa na ƙarshe ga Lewis shi ne godewa.
Sajan ya iso ɗakin ajiyar gawa shi kaɗai,
Ya sumbaci goshin maigidansa, ya yi bankwana a sanyin gwiwa.