Tambaya: su Amurkawa a aji suka fara koyon aikin jarida ko a bakin aiki?

Dan_Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin cikinku ku taimaka min. Ƙanwata ce ta samu gurbin karatun aikin jarida a nan Legas, ni nake biyan kuɗin makarantar daga ɗan shagon da nake da shi a Agege, to Baba can gida sam bai so ba, kullum muka yi waya sai ya ce asarar kuɗi ce, wai yanzu duk mai waya a hannu ɗan jarida ne, me za a koya mata a aji. Jiya ta dawo bayan ta sha go-slow tun daga Ogba, ko hijabi ba ta cire ba ta baje takardu a tabarma wai an ba su aiki a kan tarihin jaridun Amurka. Abin ya tsaya min a rai. Me ya haɗa yarinyar da za ta yi aiki a Najeriya da tarihin Amurka? Kuma su can ɗin da makaranta suka fara ko kuwa? Ina son abin da zan faɗa wa Baba ne ba kame-kame.

Tsohon_Mai_Dab'i ya amsa:

Wa alaikumussalam ɗana. Na yi shekaru ina aikin ɗab'i a Shomolu, har yau baƙin tawada bai gama fita daga faratana ba, don haka maganar nan ta taɓo ni. Ka ce wa Baba yana da gaskiya ta wani ɓangaren, domin su ma Amurkawa masu injin buga takarda ne suka fara harkar. Jaridarsu ta farko a Boston ta fito a 1690, wani Benjamin Harris ya buga, shafi huɗu, na ƙarshen ya bar shi fari fat don wanda ya karanta ya rubuta nasa labarin kafin ya miƙa wa na gaba. Fitowa ɗaya ta yi hukuma ta rufe ta saboda ba lasisi. Shi kansa Benjamin Franklin da hotonsa ke jikin dala ɗari yaron shago ne, yana ɗan shekara 12 aka kai shi koyon ɗab'i wurin yayansa, kamar dai yadda ake kawo mana yara.

Amma wanda na fi so ka sani shi ne wani mai ɗab'i da ake kira Zenger. A 1735 aka gurfanar da shi a New York don jaridarsa ta caccaki gwamnan da Ingila ta naɗa, ya yi sama da wata takwas a tsare, matarsa ce ta ci gaba da fitar da jaridar, ka duba ƙoƙarin baiwar Allah. A dokar lokacin ko abin da ka rubuta gaskiya ne laifi ne in dai ya zubar da mutuncin mai mulki, har ma cewa ake gaskiyar ita ke ƙara wa laifin nauyi. Lauyansa ya tsaya kai da fata cewa ba a hukunta mutum don ya faɗi gaskiya, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Sai 1791 aka sa 'yancin jarida a tsarin mulkinsu.

Sannan a 1833 wani Benjamin Day ya fito da New York Sun yana sayarwa santi ɗaya alhali sauran santi shida ne, yara na yawo da ita a titi suna talla, nan take leburori da masu ƙaramin ƙarfi suka shiga karatun jarida. Duk sanda na tuna wannan sai Gaskiya Ta Fi Kwabo ta faɗo min, wadda aka fara a Zariya a 1939 Abubakar Imam na edita, mahaifina yakan ba mu labarin yadda mutum ɗaya zai karanta a bakin kasuwa jama'a sun kewaye shi. Duk tsawon lokacin nan da na lissafo maka, daga 1690 zuwa 1833, babu makarantar jarida ko ɗaya a Amurka.

Maman_Haidar ta amsa:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka ba mu tarihi. Bari na ɗora daga inda ka tsaya tunda fannin na karanta. Makarantar jarida ta farko a Amurka a jami'ar Missouri aka buɗe a 1908, kuma wanda ya kafa ta, Walter Williams, shi kansa bai yi jami'a ba, daga ɗakin ɗab'i ya taso har ya zama edita, daga baya ma ya shugabanci jami'ar gaba ɗaya. To mutumin da ya koya a bakin aiki shi ne ya ga cewa koyon bakin aiki kaɗai bai wadatar ba. Kuma bai zaunar da ɗalibai suna kwafar allo ba, tun ranar farko jarida suka fitar ta gaske wadda mutanen gari ke saye, in ka rubuta sunan mutum ba daidai ba gobe zai zo har ofis ya same ka. Har yau haka suke yi.

Yaya Dan_Agege wannan ne abin da za ka bincika game da makarantar ƙanwarka, shin suna fita neman labari ko handawut kawai ake sayar musu. Ni inda na yi sai da muka kai shekarar ƙarshe kafin na riƙe rikoda, kuma wallahi ranar da aka fara tura ni Mile 12 jin ta bakin 'yan tumatir a kan tsadar kaya hannuna rawa yake, na dawo ban ma tambayi sunan mutum biyu da na yi hira da su ba. Wannan ya ci a ce tun ajin farko na wuce shi.

Ka kuma ce mata ta nemi labarin Ida B. Wells. Baƙar fata ce, malamar makaranta, a 1892 aka kashe abokanta uku a Memphis ba shari'a ba komai, ta shiga bin diddigin irin wannan kisan gilla da ake wa baƙaƙe, tana tattara sunaye da wurare da dalilan ƙarya da ake bayarwa. Wasu fararen fata suka farfasa mata ofishin jarida tana tafiya, ba ta iya komawa garin ba, kuma ba ta daina rubutu ba.

AbuObalende ya amsa:

Ni dai kar a mai da su waliyyai. Shi Pulitzer, mai gidan jaridar nan da ya ba jami'ar Columbia dala miliyan 2 aka buɗe makarantar jarida a 1912 bayan rasuwarsa, wanda ake ba da kyauta da sunansa tun 1917, ai shi da wani mai gidan jarida Hearst ne suka yi ta tseren zuzuta labari a New York don a sayi jarida, musamman lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya a 1898, manyan kanun labarai na tada hankali ko an tabbatar ko ba a tabbatar ba, irin dai abin da muke kuka da shi a Facebook yau. Ina ganin Pulitzer ya ga ɓarnar da idonsa ne shi ya sa ya nace sai an koyar da aikin da ƙa'ida.

Batun me ya haɗa mu da su kuwa, a garin nan amsar take. Zik, wato Nnamdi Azikiwe, a Amurka ya yi karatu, ya dawo ya kafa West African Pilot a Legas a 1937 da salon da ya gani can, kanu manya da hotuna da harshen da talaka zai gane. Da aka buɗe jami'ar Nsukka da taimakon jami'ar jihar Michigan, a nan aka fara digirin aikin jarida a ƙasar nan a 1961. Kenan manhajar da ƙanwarka ke bi daga can jijiyarta ta taso, dole a koya musu.

Dan_Agege ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba mai ɗab'i na karanta mata labarin Zenger da matarsa, ta ce malaminsu ya ambace shi amma bai faɗi batun matar ba, ta rubuta a gefen littafi. Maman Haidar na tambaye ta, ta ce suna da ɗan gidan rediyo a makaranta amma sai 'yan aji biyu ake bari su shiga. Na ce mata kar ta jira, ranar Asabar ta zo kasuwa ta fara da maƙwabcina mai sayar da shinkafa ta tambaye shi nawa buhu yake bara nawa yake bana, kuma ta rubuta sunansa daidai. Baba kuma sai Juma'a bayan masallaci zan kira shi, lokacin ya fi sauraro.