Kwalabe sun fara fashewa, yaya zan yi da sauran?

Sabon-shiga: Jama'a barkanmu da warhaka, a taimaka mini. Surukina ne ya bar mini kayan haɗa giya da zai tashi, tun lokacin uwargida ba ta so ba, sai da na yi ta lallashi ta yarda na ajiye a ɗakin da keken ɗinkinta yake. Na haɗa lita 20, da na ga kumfa ta kwanta na zuba sukari na ɗura a kwalabe. Jiya da tsakar dare muka ji tau! Biyu sun tarwatse, gilas har cikin yadin mutane. Na buɗe ɗaya da safe, rabinta ya tsiyaye a ƙasa. Yanzu ko ƙofar ɗakin tsoron taɓawa nake.

Baban Yara: Ɗan'uwa, sukari nawa? Ka auna da haidiromita, wato ma'aunin da ke nuna ko sukari ya rage a giyar, kafin ka ɗura?

Sabon-shiga: Cokali ɗaya kowace kwalba, haka surukina yake yi bai taɓa samun matsala ba.

Baban Yara: Wane cokali? Giram 6 zuwa 7 ake sa wa kowace lita, kuma a narkar da shi a ruwan zafi a gauraya da giyar gaba ɗaya. Cokali-cokali shi ke sa wata ta yi salam, wata ta zama bam. Amma ni na fi zargin yis, wanda ke cinye sukari ya fitar da gas, bai gama aiki ba. Kwanciyar kumfa ba shaida ba ce. Sai awon haidiromita ya tsaya wuri ɗaya kwana 2 ko 3, misali 1.010. In ka ɗura a 1.016, sukarin da ya rage kaɗai ya isa ya ninka gas ɗin. Sa tabarau da safar hannu, ka rufa musu tawul, ka kai firji yau.

Maman Biyu: Ni duk zubarwa zan yi. Maigidana ya yi irin wannan, har yau akwai tabo a silin, kuma da na yi magana ni ce mai mita.

Dogo: Kar ka zubar! Ɗaga murfin kaɗan ya yi tsiii, ka sake matsewa.

Baban Yara: Da ɗuminsu? Haba Dogo. Sai sun yi sanyi tukuna, sanyi ke sa gas ya zauna cikin ruwan. Kuma firji ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake, ka fito da su ya farka.

Dogo: Ni fa haka nake yi. Matsalata murafun da na saya ne, rabi ba sa kamawa, mai kayan ya daina ɗaga wayata.

Shiru-shiru: Ba wanda ya tambayi kwalaben. In marasa kauri ne ko masu tsaga, ba sa jure matsi. In kuma giyar ta yi tsami, baƙon yis ne ya shiga wajen wanki. Gaba ka riƙa cika gorar roba ɗaya, in ta yi tauri ka san gas ya taru a sauran ma.

Sabon-shiga: Wanki kam na yi sosai. Firji kuma ba wuri, uwargida ma ba za ta yarda ba. In na mayar da su bokiti fa?

Baban Yara: Iska ta shiga ta lalata ɗanɗanon. Har yanzu ba ka faɗi awon ba.

Sabon-shiga: Haidiromitar ba ta cikin kayan da ya bar mini. Wata ta sake fashewa yanzu.