Akwatin zuƙe hayaƙi ba ya ja sai an buɗe ƙofar ɗaki

Assalamu alaikum. Masana harkar iska da ɗakunan gwaji, a taimaka mana da shawara.

A ɗakin gwajin sinadarai na jami'armu akwai akwatunan zuƙe hayaƙi guda biyu (wato akwatuna masu gilashi a gaba da ake aikin sinadarai a cikinsu, fanka na janye hayaƙin zuwa waje) a kan bututu ɗaya da fanka ɗaya. Idan aka ɗaga gilashin gaba zuwa santimita 45, gudun iska a bakinsu mita 0.3 ne a daƙiƙa, alhali ana son wajen 0.5. An ɗaure bel ɗin fanka, an tabbatar tana juyawa ta inda ya dace, an kwashe kwalaben da suka tare ramukan baya. Babu abin da ya canza.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙofa. Da an buɗe ta, awon ya haura 0.5. Da an rufe, ya faɗi, ƙofar ta yi nauyin buɗewa, iska na shigowa da ƙara ta ƙarƙashinta. Hayaƙin gwaji ma yana lanƙwasowa waje daidai ƙirjin mai aiki. Muna zargin iskar da ke shigowa ɗakin ba ta kai wadda fanka ke fitarwa ba, tunda an toshe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki.

Horon sababbin ɗalibai ya matso, kuma za su taɓa asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin kashi 37. Barin ƙofa a buɗe ba mafita ba ce, ƙofar kariya daga gobara ce.

A lissafi, sauke gilashin zuwa santimita 30 zai ba da 0.45. Wannan ya isa na wucin gadi, ko a dakatar da horon? Kuma yaya ake lissafa girman kafar shigar iska?