Ƙananan abubuwa masu tsalle a ruwan fula (tafki), wa ya san su?

Abu Hafsa (Mai Wurno):
Salamu alaikum jama'a. Tunda damina ta kankama in yara sun ɗebo ruwa a fular bayan gari sai ka ga wasu ƴan mitsi-mitsi jajaye, ko ƙwayar riɗi ba su kai ba, suna tafiya da tsalle, su yi sama su nutse. Ba ƴaƴan sauro ba ne, su waɗancan dogaye ne kuma a saman ruwa suke rataye. Wa ya taɓa gani?

Malam Ɗan Jazira:
Wa alaikumus salam. Ƙuman ruwa ne Abu Hafsa, mun sha kamo su a ƙananan tur'a, wato magudanan ban-ruwan gonaki, lokacin muna jami'a. Ɗiga ɗaya a faranti ka duba da gilashin ƙara girma, in ka ga ido ɗaya baƙi, jiki garau har zuciya kana ganin tana bugawa, ƙwai a goye a baya, to dangin Daphnia ne, amma jajayen nan ƙanana na ruwan da dabbobi ke sha suna kashi a ciki galibi wasu ƴan'uwansu ne da ake kira Moina. Jan kuma alama ce iska ta yi ƙaranci a ruwan.

Ummu Sadik (Gadarif):
Malam ni abin da ke ɗaure min kai, hafir ɗinmu, wato ramin da muke tara ruwan sama, yana bushewa ƙayau da rani har ƙasa ta tsage, daga ina suke dawowa?

Malam Ɗan Jazira:
Ƙwansu ne Hajiya, yana da ɓawo mai tauri, yana kwance cikin busasshen taɓo sai ruwa ya sauka ya ƙyanƙyashe.

Mai Kifi Sinnar:
Wallahi ni nemansu ma nake, da asuba nake tacewa da tsohon mayafi in zuba wa ƴaƴan tarwaɗa, wawaso suke yi.

Baba Adamu:
Ƴaƴana ku dai lura, akwai wani mai faɗin kai da siririyar wutsiya, macen tana jan jakar ƙwai biyu a gefe, ma'aikatan lafiya Cyclops suke ce masa, shi ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Na ga ƙanena ya rasa noman shekara guda cur saboda ita, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan yana kuka. A 1995 har yaƙin kudancin Sudan aka tsagaita da sa bakin tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter don a raba ƙyallen tacewa. Yanzu an daina jin labarinta a wajenmu alhamdulillahi, amma har gobe ruwan fula ba ya shiga zir ɗina, wato randata, sai ta ƙyalle.

Abu Hafsa:
Allah ya saka Baba. Malam na duba, a baya ƙwan yake. Ƙyallen dai na ɗaura.