Sana'o'i uku a hannuna: kamfani ɗaya zan buɗe ko kowace da nata?

Mai Burodi: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi da shagon POS a Kano, da kuma babbar mota ɗaya da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Shagon POS kaɗai na yi wa rajistar sunan kasuwanci a 2024, lokacin da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta wajabta wa masu sana'ar yin hakan. Yanzu ina so in daidaita komai bisa doka. Shin in haɗa su duka a kamfani ɗaya, ko in yi wa kowace rajista daban?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da sana'arka a idon doka, domin idan bashi ya hau kanta, mai bin bashi yana iya kaiwa ga gidanka da gonarka. Kamfanin limited kuwa doka tana ɗaukarsa a matsayin mutum mai zaman kansa, kuma tun da dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta fara aiki, mutum ɗaya yana iya buɗe shi ba sai ya nemo abokin tarayya ba, da hannun jari na aƙalla naira 100,000. A ganina motar ce ya fi kamata ka ware mata kamfaninta. Idan, Allah ya kiyaye, ta yi haɗari a hanya da buhunan mutane a kai, kuma tana cikin kamfani ɗaya da gidan burodin, to tanda da injin kwaɓa fulawa duk suna cikin dukiyar da za a iya biyan diyya da ita.

Hajiya Akanta: Na yarda da batun motar, amma kada a kai ga kamfani uku. Kowane kamfani yana buƙatar lambar harajinsa, da asusun bankinsa, da littafin lissafinsa, sannan duk shekara sai an miƙa rahotonsa ga CAC, wanda jinkirinsa ke jawo tara. Ribar shagon POS ba lallai ta ɗauki wannan ɗawainiya ba, saboda haka a bar shi yadda yake. Kuma Alhaji ka kiyaye abu guda: idan kana zarar kuɗin burodi kana sayen tayar mota ba tare da an rubuta ba, ko ka tsaya wa kamfanin da kanka wajen karɓar bashin banki, kariyar da kake nema ta yi rauni ƙwarai.

Mai Burodi: Na gode ƙwarai, Hajiya. Wani ya ba ni shawarar in buɗe uwar kamfani da za ta mallaki sauran. Yaya kuke gani?

Abu Fatima: Doka ta yarda da hakan, sai dai sanya kalmar Holding ko Group a sunan kamfani yana buƙatar izinin CAC na musamman, kuma ga sana'o'i masu girman naka lokacinsa bai yi ba. Abin da ya fi dacewa ka tattauna da lauya a kai shi ne gado. Kamfani ba ya mutuwa da rasuwar mai shi, don haka magada za su iya raba hannun jari gwargwadon rabon kowa, gidan burodin ya ci gaba da aiki ba tare da an sayar da tanda ba.