Yawon ɗanɗana abinci da ɗan jagora: ya zan yi da matsalar gyaɗa?

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Mako mai zuwa aiki zai kai ni wani birni da ban taɓa zuwa ba, sai na biya kuɗin irin yawon nan da ɗan jagora ke zagayawa da baƙi a ƙafa, ana tsayawa ana ɗanɗana abinci. Awa 3 ne, wurare 6.

Matsalar, jikina ba ya shiri da gyaɗa ko kaɗan. Bara miya kawai na lasa, kafin minti 10 leɓena ya kumbura, numfashi ya fara gagara, a asibiti na kwana. Sau biyu ina rubuta musu, amsar ɗaya ce: in faɗa wa jagora ranar. To shi ne mai girkin? Tsorona man suya ne, da ludayin da aka tsoma nan aka tsoma can. Ga shi ba na jin yaren garin.

Waɗanda suka taɓa irin wannan yawo, jagora yakan san abin da ke cikin tukunya kuwa? Ko in sa a rubuta mini kati da yarensu in riƙa nunawa? Daga jibi ba sa mayar da kuɗi.